Yadda Aka Shafe Sunan Biyafara Daga Bakin Teku

Ran 20 ga watan Janairu, 2025, watau ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa hannu a kan wata takardar umurni wadda ta ce hukumomin gwamnatinsa su bar kiran babban ruwan nan na kudancin ƙasar da sunan Mashigin Tekun Meksiko, su riƙa ce masa Mashigin Tekun Amurka. Nan da nan magana ta tashi. Shugabar Meksiko, Claudia Sheinbaum, ta ƙi yarda da sabon sunan. Kamfanin Google ya raba gardama a kan taswirarsa: mutumin Amurka ya ga sabon suna, mutumin Meksiko ya ga tsohon, sauran duniya kuwa su ga duka biyu. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press da ya ci gaba da rubuta tsohon sunan, sai da aka hana wakilansa shiga ofishin shugaban ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne Nijeriya ta riga Amurka yin irin wannan aiki da shekara hamsin cif. A watan Janairu na 1975, Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Yakubu Gowon, wadda ke zaune a Barikin Dodan a birnin Ikko, ta kafa Dokar Soja mai lamba 4 ta wannan shekara. Dokar gajeruwa ce ƙwarai, aikinta guda ɗaya ne tak: ruwan da aka sani da sunan Mashigin Tekun Biyafara ya koma Mashigin Tekun Bonny. Har yau dokar tana cikin kundin dokokin Tarayya.

Bayan rabin ƙarni, ya kamata a tsaya a duba ko bukata ta biya. Birnin Ikko, inda aka sa hannu a kan dokar, da unguwannin Hausawansa irin su Agege da kasuwar Mile 12, suna da abin da za su koya wa mai karatu game da yadda suna ke kama bakin jama'a, da yadda yake suɓucewa.

Ruwa biyu a gaban ƙasa ɗaya

Mashigin teku shi ne wurin da gaɓa ta lanƙwasa, ruwan teku ya ɗan kutsa cikin ƙasa kamar bakin ƙwarya. Gaɓar Nijeriya tana kan irin waɗannan mashigai guda biyu, dukkansu a cikin babban Mashigin Tekun Gini. Inda Kogin Kwara ya rarrabu ya faɗa teku, nan ne iyakarsu.

Daga bakin Kwara zuwa yamma, a bi ta Ikko da Badagiri da Kwatano da Lome har a shiga ƙasar Ghana, wannan shi ne Mashigin Binin. Ɗan kasuwar da ya sauke kwandunan tumatir a Mile 12 yana kusa da wannan ruwa ko da bai taɓa ganinsa ba. Kogin Ogun da ke ratsa bayan unguwar, wanda kan yi ambaliya ya shiga gidajen Agiliti idan damina ta yi ƙarfi, yana zuba ne a cikin tafkin Ikko, shi kuma tafkin ya fita ta bakin tashar jiragen ruwa ya haɗu da Mashigin Binin.

Daga bakin Kwara zuwa gabas kuwa, a bi ta Bonny da Kalaba, a wuce Duwala ta Kamaru da gaɓar Ikwatoriyal Gini har zuwa wani tsinin ƙasa da ake kira Cape Lopez a Gabon, wannan shi ne ruwan da aka canja wa suna. Ke nan ƙasashe huɗu ne ke zaune a bakinsa, ban da tsibirai irin su Bioko da ke cikinsa.

Sunan Biyafara tsoho ne, ya girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 16 yake fitowa a taswirorin da Turawa suka zana bayan zuwan matuƙan jiragen ruwa na Fotugal. Ba kalmar Ibo ba ce, kuma masana ba su daidaita a kan ainihin tushenta ba. A zamanin cinikin bayi sunan ya shahara a littattafan fatake. Ƙididdigar masana tarihi ta nuna an ɗebi mutane kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari shida daga Mashigin Biyafara, aka kuma ɗebi kusan miliyan biyu daga Mashigin Binin. A cikin waɗanda aka loda a tashoshin Mashigin Binin, irin su Ikko da Badagiri da Wida, har da Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka yi bore a 1807 da 1809 da 1814.

Mulkin Ingila ma ta waɗannan sunaye biyu ya shigo. A 1849 aka naɗa John Beecroft jakadan Ingila mai kula da Mashigin Binin da na Biyafara, mazauninsa a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. Bayan shekara biyu jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, a 1861 kuma suka mallake ta.

Daga taswira zuwa tuta

Da ba don abin da ya faru daga 1966 zuwa 1970 ba, da sunan ya ci gaba da zamansa a taswira ba wanda ya damu da shi. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, wasu hafsoshin soja suka kashe Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, da Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello, da Firimiyan Jihar Yamma Cif Samuel Akintola, da manyan hafsoshi da dama. Ran 29 ga watan Yuli aka yi juyin mulki na ramuwa. A watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na shekarar, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, saura suka tattara suka koma gida.

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Bayan kwana uku, Laftanar-Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya ba da sanarwar ɓallewar Jihar Gabas, ya kira ta Jamhuriyar Biyafara. Sunan ruwan da ke gaban yankin aka ara, kuma akwai hikima a cikin aron. Jihar Gabas ba Ibo kaɗai ke cikinta ba, akwai Ijo da Ibibiyo da Efik da Ogoni da sauransu, saboda haka ana bukatar sunan da ba na wata ƙabila ɗaya ba.

Yaƙi ya ɓarke ran 6 ga watan Yuli, 1967, bai ƙare ba sai Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong ya zo Barikin Dodan ya miƙa wuya ran 15 ga wata. An rasa rayuka masu yawan gaske. Ƙiyasin da aka fi ambata ya kama daga dubu ɗari biyar zuwa miliyan biyu, akasarinsu yunwa ce ta kashe su, yara ƙanana sun fi yawa. Gowon ya yi shelar cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma yi alkawarin sulhu da gyara da sāke gini.

To, amma fa sunan yana nan a kowace taswira da ke rataye a bangon aji. Ɗan makaranta a Kano ko Enugu, idan malami ya ce ya nuna gaɓar ƙasarsa, dole yatsansa ya sauka a kan kalmar da gwamnati ke so a manta. Wannan ne ya sa, bayan shekara biyar da ajiye makamai, aka ɗauki alƙalami aka soke ta.

Me ya sa Bonny?

Zaɓen sabon sunan ba haka kawai aka yi shi ba. Bonny tsohon gari ne na mutanen Ibani, wani reshe na Ijo, a kan tsibiri a bakin teku. Ya yi fice a cinikin bayi, daga baya a cinikin manja. Daga can ne Jaja ya tashi da mutanensa ya kafa garin Opobo a 1870.

Akwai kuma dalilai na kusa. Na farko, Bonny na cikin Jihar Ribas, ɗaya daga cikin jihohin da Gowon ya ƙirƙiro a 1967 don ƙananan ƙabilun Gabas, waɗanda suka daɗe suna neman a raba su da mulkin Enugu. Na biyu, a watan Yuli na 1967 sojojin Tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle suka taso daga Ikko ta ruwa suka kama garin, wannan kuwa na cikin nasarorin farko da suka datse wa Biyafara hanyar teku. Na uku, tun 1961 akwai tashar lodin ɗanyen mai a Bonny, har ma man Nijeriya mafi suna a kasuwar duniya ana kiransa Bonny Light. Daga 1999 kuma aka fara fitar da iskar gas daga can. Watau an cire sunan da ke tuna ɓallewa, aka sa wanda ke tuna nasarar Tarayya da arzikin da ke riƙe da ita.

Maƙwabta sun bi wata hanya

A wannan shekara ta 1975 wani abin lura ya faru a ƙasar da ke yamma da Ikko. Ran 30 ga watan Nuwamba, Mathieu Kerekou ya canja sunan ƙasarsa daga Dahome zuwa Jamhuriyar Jama'ar Binin. Dahome sunan daular Fon ce ta Abome, wadda ta sha kai wa maƙwabtanta hari. Mutanen arewacin ƙasar, irin su Bariba da Dandawa da Fulani, ba su ga kansu a cikin sunan ba. Sai aka duba ruwan da ke gaban Kwatano aka ɗauki sunansa, ko da yake ita tsohuwar Masarautar Binin a Nijeriya take, cikin Jihar Edo ta yanzu.

Ke nan a shekara ɗaya, a gaɓa ɗaya, wata ƙasa ta ari sunan teku don ta haɗa kan mutanenta, wata kuma ta raba teku da sunansa don kada wani ya sāke ara. Sunan Binin ya zauna daram. Ko da aka watsar da gurguzu a 1990 aka sāke tsarin mulki, ba a taɓa shi ba, domin babu ɓangaren da ya ji an ci da guminsa.

A sauran sassan Afirka ma zamanin canja suna ne. A 1971 Mobutu ya mai da ƙasar Kwango da koginta Zayar, amma da aka kore shi a 1997 sai sunan ya bi shi. Tafkin Edward ya zama Tafkin Idi Amin, da Amin ya faɗi a 1979 ya koma yadda yake. Kenya kuwa ta mai da Tafkin Rudolf Tafkin Turkana a 1975, bisa sunan mutanen da ke zaune a bakinsa, har yau kuma haka ake kiransa. A nahiyar Asiya, Filifin ta raɗa wa ruwan yammacinta Tekun Yammacin Filifin a hukumance a 2012 saboda jayayyarta da Sin, Iran da ƙasashen Larabawa kuwa sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko Tekun Fasha za a ce ko Tekun Larabawa.

Abin da dokar ta iya, da abin da ta kasa

A cikin gida dokar 1975 ta yi aikinta. Taswirorin gwamnati da littattafan makaranta sun koma Bonny, kuma an yi zuriya biyu da ba su san wani suna ba. A waje kuwa ba haka abin yake ba. Dokar Nijeriya ba ta hawa kan Kamaru ko Gabon, wadda ma tana cikin ƙasashe biyar da suka amince da Biyafara lokacin yaƙi, tare da Tanzaniya da Kwaddibuwa da Zambiya da Haiti. Har gobe akwai taswirorin ƙetare da ke ɗauke da tsohon sunan, masana tarihin cinikin bayi kuma da shi suke rubutu, tun da shi ne a cikin takardun wancan zamani.

Bugu da ƙari, suna ba ya ba da mallaka. Tsibirin Bakassi a cikin wannan mashigi yake. Ran 10 ga watan Oktoba, 2002, Kotun Duniya da ke Hague ta ba Kamaru shi. Ba ta dubi sunan ruwa ba, ta dubi yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, da kuma sanarwar Marwa wadda Gowon da Shugaba Ahmadu Ahidjo suka sa wa hannu a watan Yuni na 1975. Nijeriya ta kammala miƙa yankin a watan Agusta na 2008. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta a matsayin mallakarta, da mil 200 na cin moriyar kifi da mai. Da awo ake wannan hisabi, ko me aka rubuta a kan taswira.

Babban abin da dokar ta kasa shi ne wanda aka yi ta dominsa. An goge Biyafara daga teku, amma ba ta fita daga zukata ba. Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu, ya dawo gida a 1982. Duk da haka a 1999 aka kafa ƙungiyar MASSOB, daga baya IPOB ta Nnamdi Kanu ta taso, gwamnati ta haramta ta a 2017. Mafi yawan samarin da suka ɗaga tutar an haife su ne bayan an canja sunan, ba su taɓa ganin kalmar a taswirar makaranta ba. A gida suka ji ta, daga bakin iyayen da suka ga yunwa, waɗanda bayan yaƙi aka ba su fam ashirin kacal a madadin kuɗin Biyafara da suka ajiye a banki. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Darasin Ikko

Babu garin da ya fi Ikko sanin halin suna. Masu gari suna ce mata Eko, Turawan Fotugal suka ce Lagos, watau tafkuna a harshensu, Bahaushe kuma ya lanƙwasa na masu gari ya ce Ikko. Haka ya yi wa Ibadan ya ce Badun, ya yi wa Onitsha ya ce Anacha, ya yi wa Port Harcourt ya ce Fatakwal. Babu hukumar da ta ba shi izini, babu kuma wadda ta hana shi.

Zaman Hausawa a nan ba na jiya ba ne. A 1863 John Glover ya tara Hausawa ya kafa 'yar rundunar da sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a farkon ƙarni na 20, fataken goro suka kafa zango a Agege, inda har yau akwai Sarkin Hausawa. Kasuwar Mile 12 kuwa, a kan hanyar Ikorodu cikin Ƙaramar Hukumar Kosofe, ita ce babbar matattarar kayan gwari. Kullum manyan motoci na shigowa bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000, ɗauke da tumatir na Kadawa da Danja, da albasar Aliero, da dankalin Jos, da tattasai da attarugu. Dillalai da 'yan dako da masu sari, Hausawa da Yarabawa da Ibo, a nan suke neman abincinsu.

Sunan wurin ba na sarki ba ne, ba na gwamna ba ne. Awon hanya ne na zamanin Turawa, watau mil goma sha biyu. A shekarun 1970 Nijeriya ta sauya abubuwa da yawa: a 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, a 1973 Naira ta maye gurbin fam, aka kuma bar mil aka koma kilomita. Amma ba a taɓa jin yaron mota yana kiran fasinja da sunan kilomita sha tara ba. Mile 12 ta ci gaba da zama Mile 12, saboda sunan yana kai kowa inda za shi, kuma bai tsone wa kowa ido ba.

A gwada wannan da sunayen da iko ya ɗora. Titin Broad, babbar hanyar bankuna a tsibirin Ikko, an mai da shi Titin Yakubu Gowon. Da aka hamɓarar da Gowon ran 29 ga watan Yuli, 1975, wata shida bayan dokar Bonny, titin ya koma sunansa na dā. Filin jirgin sama na Ikeja kuwa, da aka sa masa sunan Janar Murtala Muhammed bayan kisansa ran 13 ga watan Fabrairu, 1976, ya riƙe sunan, domin jama'a sun yi juyayin mamacin. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ce Jami'ar Ikko ta koma Jami'ar Moshood Abiola, ɗalibai suka fito kan titi, aka je kotu, maganar ta bi ruwa. A 2025 ma wasu hukumomin yanki, irin su Bariga da Ajeromi-Ifelodun, sun canja sunayen tituna da tashar mota, aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na zargin an yi ne don a rage sunayen waɗanda ba 'yan asalin jihar ba.

Wannan batu ya shafi Bahaushen Agege da na Mile 12 kai tsaye. Duk lokacin da aka fara gardamar wa ke da ikon raɗa wa wuri suna, ainihin tambayar da ke ƙarƙashi ita ce wane ne ɗan gari, wane ne baƙo. Mutanen kasuwar sun san ɗacin wannan tambaya. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarabawa a unguwar, aka rasa rayuka, aka ƙone dukiya, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar. Abin da ya sa aka buɗe ta shi ne zaman da shugabannin ɓangarorin suka yi da hukuma, da kuma bukatar da kowa ke da ita ga ɗan'uwansa. Mai gona a Kura yana bukatar mai saye, uwargida a Ketu tana bukatar kayan miya.

Suna linzami ne, in ji masu iya magana. Sai dai linzami yana juya doki ne idan dokin ya yarda da mahayinsa. Gwamnati na da ikon buga sabuwar taswira a dare ɗaya, kamar yadda aka yi a Ikko a 1975, aka kuma yi a Washington a 2025. Amma sunan da ke daɗewa shi ne wanda mazauna wurin suka ji nasu ne, kamar Binin da Turkana da Mile 12. Aikin da Gowon ya yi alkawari a 1970, na sulhu da gyara da sāke gini, ya fi canja suna wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne wanda har yanzu yake jiran a ƙarasa shi. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.